Magajin Maɗori

Kai da kake ta cika min kunne da zancen rabon gonar babanku, tsaya in tambaye ka: ka san ma abin da ake nufi da magaji? Tsohuwar kalma ce, daga gado ta fito, wato wanda ya gaji wani, ya tsaya inda ya tsaya. Amma fa gado iri biyu ne. Akwai wanda ake rabawa kowa ya kama nasa, akwai kuma wanda ake ɗauka a ka. Bari ka ji misali.

An yi wani maɗori a wani gari, duk wanda ya samu karaya ƙofar gidansa ake nufa da shi. Ɗansa namiji ɗaya ne tak, ya taso yana riƙe masa ƙafar masu karaya, amma ihun mutane ya sa ya tsani sana'ar. Da ya kawo ƙarfi sai ya kama fataucin fata, ya ce shi da ɗori har abada. Ran nan tsoho ya rasu. Ba a ko tashi zaman makoki ba, sai ga mutane ɗauke da wani manomi a kan ƙyaure, ya faɗo daga kan kuka, ƙashin ƙwaurinsa ya rabu biyu. Ga damina ta kama, ga iyali, ba mai riƙe masa fartanya. Don tsabar sabo ba su zame ko'ina ba sai zauren marigayi, sai da suka sauke shi suka tuna mai gidan yana kabari. Garin da ke da wani maɗorin kuwa da nisa, kafin a kai can ƙafa ta lalace.

Ɗan nan yana zaune cikin masu karɓar gaisuwa. Da ya ce ba zai iya ba, wallahi ba mai ganin laifinsa. Sai ya miƙe, ya tuɓe babbar riga, ya ce, "A kawo min kara da man shanu. Ku biyun nan, ku danne shi." Ya yi bisimilla, ya kama ƙafa ya laluba, ya ja. Manomi ya ƙwalla ihu har bayan gari, shi kuwa ya cije bai saki ba sai da ƙashi ya koma mazauninsa. Ya jera kara ya ɗaure tamau. Kai, da kaka ta yi ka so ka ga ikon Allah! Sai ga manomin nan tafe da ƙafafunsa, ko ɗingishi babu, da damin gero a ka, ya dire shi a ƙofar zaure. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi har da hawayen murna, ana ta faɗin gidan ɗori bai mutu ba. Abin da ya sa ke nan Hausawa suka ce, kyan ɗa ya gaji ubansa.