Ranar da Launukana Suka Ɓace

Har yau idan na ji ƙaurin dalma, ajin zane nake tunawa, a firamarenmu ta Gyaɗi-Gyaɗi. Malama Rifkatu, 'yar Filato mai koya mana zane, ta sa kowa ya yanka kwali kamar faifai, ya shafa masa launi iri-iri. Nawa ya fi na kowa kyau, ko taɓawa ba na bari a yi.

Ran nan ta shigo da ɗan injin da ta ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset. Ta liƙa masa waya da dalma, ta haɗa da batir, sannan ta soka faifaina a kai. Yana fara juyawa, ja da kore da shuɗi duk suka ɓace, ya koma kamar toka. Na fashe da kuka, na ce ai ta goge mini zanena.

Ta ɗora yatsa a bakin kwalin, ya tsaya cak. Sai ga launukana.

Ta ce, "Suna nan, 'yata. Gudu kawai suke yi."

Yanzu furfura ta fara cin kaina. Duk sanda na duba madubi, muryarta nake ji.