Ɓarawon Man Shanu

"Baba, so kake ka mutu a hannuna?" Shagufta ta dangwarar da gwangwanin man shanu gaban surukinta. Man ya kusa ƙarewa.

"Ni ban taɓa ba," in ji tsohon.

Ta gaji. Bikin ƙanwar mijinta ya ƙarato, sanyin Lahore ya farfasa mata leɓe, ga likita ya hana tsohon maiƙo saboda zuciyarsa. Don shi take gasa biskit ɗin nankatai ba man shanu, duk gida na tsiyar wai ya yi kama da bulo.

Washegari ta hango shi ya saɗaɗa da cokali, ta bi shi saman bene. A tsugune ta same shi gaban 'yar fitilar ƙasa mai ci da man shanu. Ya kifa faranti bisa harshen wutar, yana kankare baƙin hayaƙin.

"Kwalli ne," ya ce. "Marigayiya matata ce ke yi wa kowace amaryar gidan nan. Har ke ta yi wa. Auta ce kaɗai za ta tafi babu?"

 Shagufta ta durƙusa za ta ba shi haƙuri, sai ta ga gashin bakinsa na ƙyalli.

"Baba, wannan fa?"

Ya lashe. "Maganin fashewar leɓe ne, 'yata. Ni ta ciki nake shafawa."