Wanda Zai Tsaya wa Hambali

"Rabin kuɗin haya ka kawo," in ji Alhaji Uba, mai filin noman rani a Bunkure. "Sai ka nemo wanda zai tsaya maka."

Hambali ya gyara durƙuso. Tumatirinsa na bara a kwando ya ruɓe, gida ko ƙwayar gero babu. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya.

"Yayana Iliyasu zai tsaya mini, Alhaji. Yana da rufin asiri."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗazun nan Iliyasu ya tashi daga inda kake durƙushe. Shi ma rabi ya kawo. Da na tambaye shi wa zai tsaya masa, cewa ya yi ƙanensa Hambali, wai yana da rufin asiri."