Ranar da Tasalla Ta Nemi Ragi

Tun da Shugaba ya soke kuɗin takarda, kuɗin kowa a waya yake, wayar kuma tana da kunne. Kullum rediyo cewa yake kasuwa ta samu 'yanci.

Tasalla ta tsuguna gaban Ɗanlami mai hatsi, yaranta na gida da yunwar jiya. Da ya faɗi kuɗin tiyar gero, bakinta ya suɓuce yadda ta gada wurin uwarta:

"Haba Malam, ya yi tsada!"

Wayarta ta yi ja. An rufe kuɗinta, wai ta ɓata sunan kasuwa.

"Wallahi ciniki kawai nake yi! Ka gaya musu!"

Ɗanlami ya dubi tasa wayar, ya ɗaure bakin buhu. Ya ɗaga murya:

"Gero arha kamar banza, baiwar Allah. Matsa, akwai mutane bayanki."