Tsatsar Takobin Bama

Tanimu, na ji an ce za ka kai akushin kakarka wajen masassaƙi a kankare baƙin nan a shafa masa abin sheƙi. Ajiye shi tukuna ka zauna, akwai misalin da nake so ka ji.

An yi wani tsohon soja cikin waɗanda Bature ya kwasa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo gida da ɗingishi, da wani dogon takobi mai ɗan lanƙwasa irin na mutanen Japan. Abin da yake faɗa shi ne, a bakin wani rafi ya tarar da hafsan abokan gaba kwance cikin jini, ya ɗebo ruwa a hularsa ya ba shi, shi kuma kafin ya cika ya miƙo masa takobin da hannu biyu. Mutanen gari ba su yarda ba. Wasu suka ce a kasuwar bakin teku ya saya, wasu suka ce ƙarar igwa ce ta taɓa masa kai. In ya fara labarin a majalisa sai a riƙa ƙifta ido, ana kiransa mai shayar da maƙiya. A haka ya tsufa har idonsa ya tafi, ba abin da ya rage masa sai ya jawo takobin daga ƙarƙashin gado ya yi ta shafawa. Yatsunsa sun haddace shi: igiyar alharinin da aka naɗe mariƙin da ita, wadda ta tsufa ta fara zarewa, da baƙin ƙarfen nan zagayayye mai kare hannu, da ɗan tsuntsun da aka zana a jikinsa. Yana da ɗa guda, manomi, mai son ubansa ƙwarai. Dariyar da ake yi wa tsohon ta fi ci wa ɗan rai, kuma ba ya da burin da ya wuce a gaskata ubansa tun yana da numfashi.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani dattijo daga Japan, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen bin tsofaffin takubban ƙasarsu yana tantance su, ya sauka a birni, kuma ya yarda zai zo ya gani. Ɗan ya yi murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Amma da ya fito da takobin ya dube shi a hasken rana sai kunya ta kama shi. Ka san halinmu, ba ma nuna wa baƙo kaya da dauɗa. Bai gaya wa tsohon ba, ya ɗauki takobin ya kai maƙera. Maƙeri ya zare wata 'yar ƙusar gora da ke riƙe da mariƙin, mariƙi ya fita, sai ga gindin ƙarfen baƙi ƙirin da tsatsa, da wasu 'yan tsage-tsage a jere. Suka haɗu a kan cewa ciwo ne yake cin ƙarfen. Aka sa magagari, aka sa dutsen washi, aka bi da toka da lemun tsami har ya yi fari fat. Baƙin ƙarfe mai tsuntsu ya shiga wuta tare da ɓaraguzan lauje, aka maye gurbinsa da tagulla. Baduku ya warware alharinin ya naɗa jar fata, har da tuntaye. Kada ka zargi maƙerin, aikin da ya gada ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Ranar da baƙon ya zo gari ya taru a ƙofar gida, har da masu dariyar nan. Dattijon ya sunkuyar wa takobin da kai, ya karɓe shi da farin ƙyalle, ya cire mariƙin. Ya daɗe yana duban gindin ƙarfen, yana juya shi, fuskarsa kamar wanda ya zo gaisuwa ya tarar an riga an binne. Sannan tafintan da ya zo tare da shi ya bayyana abin da ya ce. A ƙasarsu maƙeri a gindin ƙarfen nan yake tsaga sunansa, kuma ba mai taɓa tsatsar wurin, domin launinta ake dubawa a san shekarun takobi. Ƙarfen kare hannun kuwa sau da yawa yana nuna gidan da ya fito. Da an bar shi yadda yake, da ya faɗi wanda ya ƙera shi, wataƙila har ya nemo dangin hafsan. Yanzu ba zai ce ƙarya ba ne, ba kuma zai iya cewa gaskiya ne ba, an goge masa abin karantawa.

Jama'a suka watse suna 'yan gyaran murya. Tsohon, da bai ji tafinta sosai ba, ya miƙa hannu aka ɗora masa takobin. Ya shafa yana neman alharini, ya ji fata. Ya nemi tsuntsunsa, ya ji santsin tagulla. Sai ya ture shi ya ce, "Wannan na wa ne? Ku kawo mini nawa." Har Allah ya karɓi ransa kafin kaka, kullum sai ya tambayi ɗansa ko baƙon nan ya dawo masa da takobinsa. Ɗan kuwa sai dai ya fita bayan rumbu ya yi kuka. Ni tausayinsa nake ji fiye da kowa a labarin nan, domin ƙauna ce ta kai shi maƙera, tambaya ɗaya ce bai tsaya ya yi ba.

To, ɗauki akushinka ka mayar ɗaka, Tanimu. Hausawa sun ce, garin neman gira, an rasa ido.