Gyartai da Hular Ɗan Tsere

Kai da ranka ke ɓaci in an yi maka gyara, ga wani misali ka riƙe.

An yi wani ɗan tseren keke da ya daɗe yana burin a riƙa gane shi tun daga nesa. A ƙungiyarsu hular kwanon kowa baƙa ce ko fara, in suka taho a guje sai ka rasa wane ne wane. Da aka sa ranar babban tsere, ya shiga kasuwar gwanjo ya samo wata hula ja wur mai sheƙi, ya sayo fentin feshi kala uku da salatif, ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida. Tsarin kuwa yana kansa tsaf: kore a ƙasa, walƙiya ruwan ɗorawa daga goshi har ƙeya, sunan unguwarsu a gefe. Yana cikin liƙa salatif sai ga wani tsohon gyartai, mai ɗinkin fasassun ƙorai, ya raɓe a inuwa yana hutawa. Tsohon ya yaba tsarin da salatif ɗin ya fara fitarwa, ya nemi izini ya ɗauki hular. To, hannun da ya shekara arba'in yana gwada ƙwarya ba ya riƙe abu mai ƙoƙo bai ƙwanƙwasa ba. Ya ƙwanƙwasa goshi, ya ƙwanƙwasa gefe, da ya zo ƙeya sai ya kara kunne ya sake.

Ya ce, "Samari, ƙoƙon nan naka da tsaga. Lafiyayye amsawa yake yi, wannan kuwa tari yake."

Ɗan tsere ya haɗe rai. A zuciyarsa ya gama yanke hukunci: tsohon nan aiki yake nema, ko kuma so yake a ce an bar masa. Ya tambaye shi cikin gatse ko Baba zai sa basilla ne ya ɗinke ta. Tsohon ya yi dariya ya ce wannan ta fi ƙarfin basillarsa. Ƙwarya in ta tsage fura ce ke zubewa, a sake dama wata. Abin da ke cikin wannan kuwa ba a sake dama shi. Ya saɓa kayansa ya wuce. Saurayin ya girgiza gwangwanin fenti, ya saita, amma yatsa ya ƙi dannawa. Don dai ya ƙaryata tsohon, ya ɗauko samfefa ya goge ƙeyar. Jan fenti na tafiya sai ga tsaga siririya kamar gashi, tsawon yatsa, an cike ta da gam an shafe. Mai ita na farko ya rufe ta da kala ɗaya, shi kuma saura ƙiris ya ƙara mata uku.

Ya jefar da ita ya nemo sabuwa fil, fara, marar ado. Lokaci ya ƙure, layin kore ɗaya kawai ya samu ya ja mata. Ranar tsere, a wata kwana da yashi ya hau kwalta, tayar gaba ta zame, ƙeyarsa ta daki bakin kwalbati. Hular ta dare gida biyu. Shi kuwa ya miƙe da ƙujewa a gwiwar hannu, yana jin muryoyin mutane tangaran, yana gane fuskar kowa. Bai ƙarasa tseren ba, kuma bai taɓa jin daɗin komawa gida da ƙafarsa irin na ranar ba.

Sai da ya zaga kasuwa uku kafin ya sami gyartan, zaune cikin mata masu jiran ƙoransu. Ya durƙusa ya ajiye ɓarin hular a gabansa, ya nemi gafarar gatsen da ya yi, ya yi ta godiya. Tsohon ya jujjuya ɓarin, ya ɗora hannu a kan saurayin.

"Wanda ake so ya tsira ai ga shi nan. Tashi, ɗana, Allah ya ƙara tsarewa."

Ka ga, da ya tsaya kan zaton tsohon rabo yake nema, da yanzu wani zancen ake yi. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.