Muhawarar Ƙarshe ta Farfesa Tackett

Ɗakin taron kwalejin ya cika maƙil. A Kentucky ne, in ban manta ba, shekarar da kogi ya yi ambaliya. Farfesa Orville Tackett zai yi muhawararsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki.

Ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare addinin Kirista da hujjar hankali. Ya zagaye jami'o'in Amurka yana karawa da waɗanda ba su yarda akwai Allah ba. Duk sanda suka kawo maganar wahalar duniya, sai ya cire tabarau ya ba da labarin 'yarsa Lorna, wadda ta rasu tana da shekara ashirin. "Ni na binne 'yata," yakan ce, "kuma ban saki Ubangiji ba. Kai wa ka binne?" Ba wanda ya taɓa iya ba shi amsa. A kan wannan labarin sunansa ya tsaya. Washegari ma kwalejin za ta sa wa sabon ɗakin sujada sunan yarinyar.

Ranar muhawarar ma haka ya yi. Mata suna ta share hawaye. Matarsa Maxine tana sahun gaba, kanta a sunkuye kamar kullum.

Lokacin tambayoyi, mutane suka yi layi a gaban makirufo. Ta ƙarshe wata mace ce da ta fara furfura, da rigar aikin jinya a jikinta.

"Farfesa," ta ce, "a ina kabarin Lorna yake? Ina so in kai furanni."

Ya daɗe yana dubanta. Maxine ta yunƙura za ta tashi, ya ɗaga yatsa ɗaya, ta koma ta zauna.

"Wannan na iyali ne kaɗai, baiwar Allah." Ya juya ga jama'a yana murmushi. "Akwai masu zuwa kallon baƙin cikin wasu. Mu yi mata addu'a."

Kowa ya sunkuyar da kai. Mai gadi ya raka ta waje, ba ta yi gardama ba.

"Yi haƙuri, madam," ya ce a bakin ƙofa. "Kin san ta ne?"

"Na san ta. Tana da shekara ashirin ta gaya wa mahaifinta, suna cin abinci, cewa ta daina ba da gaskiya ga Allah. Tun ranar yake cewa ta mutu. Ni ce."